Inda Jifa Ke Gajiya

Malam Issaka, da ya koya mini alƙalancin ƙwallon kwando,
bai buɗe littafi ba ranar farko.
Bayan duwatsun Birni ya kai ni,
ya ɗauki tsakuwa ya wurga sama,
ya ce, "Nuna mini inda ta gaji."
Na ce ban gani ba. Ya sake wurgawa.
Har aka kira magariba muna nan,
ni da shi da wuyana mai ciwo.

Ya ce, "Kowane jifa yana da wurin shan iska,
inda hawa ya ƙare, sauka ba ta soma ba.
Kafin nan ƙwallo ta kowa ce,
mai dogon hannu ya kaɗe ta, halas ne, a tafa masa.
Amma in ta juyo tana bisa zobe, ta nufo gida,
ko ta riga ta sumbaci allo,
kowa ya naɗe hannunsa.
Ba a zura yatsa ta ƙasan raga,
ba a girgiza ƙarfe don a firgita ta.
Sai ta daki zobe ta yi tsalle,
sannan ta koma ta mai rabo."

Shekara goma sha ɗaya ke nan
igiyar usur tana cin wuyan rigata.

Ran Asabar, filin siminti mai tsaga a tsakiya,
Karkada hamsin da takwas, Zango hamsin da bakwai,
daƙiƙa uku suka rage a agogon Lawwali.
Mutari na Zango, gajere, takalmin aro,
ya saki ƙwallo daga kusurwa.
Kyari ya tashi.
Kyari ɗan yayata,
wanda na koya wa ɗaurin igiyar takalmi,
wanda turin kurar ruwa ya faɗaɗa wa ƙirji,
ya miƙe kamar giginya ya kaɗe ta,
ta faɗa cikin farantin mai yalo.

Karkada ta ɗau guɗa,
yara suka tsallako igiya,
wani ya jefa hularsa bai bi ta ba.
Ni kaɗai a filin nan na san
ta juyo.
Da kaɗan, kamar gaɓar ɗan yatsa.

Usur yana bakina, ya yi nauyin turmi.
Na ji Malam Issaka, shekara shida a ƙasa,
yana tambayata inda ta gaji.
Na busa.
Na ɗaga yatsu biyu na sauke su: maki biyu na Zango.

Abin da aka kira ni ba zai shiga takarda ba.
Mai shayin bakin tasha ya ba ni kofi
bai ce mini ya gajiya ba.
Cima, wadda muka sha nono ɗaya,
ba ta aiko da furar Juma'a ba,
ƙwaryar tana can a kife.

Ni ma dare ya yi mini shari'a.
Na rufe ido na mai da ƙwallon hannun Mutari,
na sake ta sau talatin,
sau ashirin da tara tana juyowa.
Ɗayan nan ne ya hana ni barci.

Kwana tara, sai ga sallama bayan isha'i.
Ya sunkuya ya shigo, ƙofata ta yi masa gajarta.
"Kawu, tsakani da Allah, ta juyo?"
Na ce ta juyo.
"Da yaya?"
Na nuna masa gaɓar yatsa.
Ya daɗe yana kallonta, kamar kuɗin da aka ba shi bai cika ba.

Da safe muka hau bayan Birni.
Na wurga tsakuwa.
Ya ce bai gani ba.
Na duƙa neman wata,
ya ce, "Bari, Kawu, ga su nan na cika aljihu."